Tsohon Sifirin Ko Sabo: Gardamar Masu Bindigogin Gwanjon Soja

A duk sassan bindigar soja mai ɗura wa kanta harsashi, kaɗan ne suka kai sifirin ɗin sakata arha, kuma da wuya a sami wanda ya kai shi raba kan masu tara tsoffin bindigogi a Amurka da Kanada. Waya ce ta ƙarfe aka nannaɗe, ba lamba, ba tambari, kuɗinta bai kai na kwalin harsashi ɗaya ba. Amma wanda ya sayi M1 Garand ko SKS daga rarar kayan soja, ya kwance ta ya tarar da sifirin da mai yiwuwa ya girmi mahaifinsa, tilas ya tsai da shawara: ya bar shi inda ya same shi, ko ya zare ya sa sabo. Kowane ɓangare akwai masu hankali a cikinsa, kuma kowanne yana da hujjar da ba a tsallake ta da garaje.

Sai an san aikin sifirin ɗin kafin gardamar ta yi ma'ana. Tsohuwar Lee-Enfield da dattawa suka sani a hannun sojoji da 'yan sandan Nijeriya ba ta da irinsa, domin hannun mai harbi ne ke jan sakata baya ya kuma tura ta gaba. A bindiga mai ɗura kanta irin Garand da SKS kuwa, iskar albarushi ce ke wannan aiki. Ana huda 'yar ƙaramar kafa a jikin bututu, wani kaso na iskar da ke korar harsashi ya bi ta nan ya tunkuɗi sanda, sanda ta buɗe sakata ta kora ta baya, kwanso ya yi waje. A wannan tafiya ta baya sifirin yana matsewa yana rage wa sakata gudu, kamar yadda shokazoba ke shanye ramin hanya kafin ya kai ga bodin mota. Daga nan ya miƙe ya dawo da ita gaba, ta kwashi sabon harsashi ta rufe. Aiki biyu ke nan, birki da turi, kuma sifirin da ya gaji yakan gaza a duka biyun.

A Garand ma aikin uku ne. Bindigar da John Garand ya ƙera a ma'aikatar gwamnati ta Springfield da ke jihar Massachusetts, wadda sojan Amurka ya karɓa a 1936, tana cin harsashi 8 a cikin 'yar matsewar ƙarfe da ake dannawa ta sama. Babu wani sifirin dabam da ke ɗago waɗannan harsasai. Dogon sifirin nan guda ɗaya, mai tsawon kusan inci 20, wanda ke kwance cikin sandar turi, shi ne ke dawo da sakata, shi ne kuma ta ɗaya ƙarshensa ke tokare abin da ke turo harsasai sama. An ƙera wa sojan Amurka fiye da miliyan 5 na wannan bindiga kafin a daina a 1957, a Springfield da Winchester lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya International Harvester da Harrington & Richardson suka shigo. SKS ta Sergei Simonov, wadda Tarayyar Sobiyet ta karɓa a 1949 aka fara ƙera ta a Tula, ta raba aikin: sifirin ɗin sakata dabam, na gidan harsashi mai cin 10 dabam, ga kuma wani ɗan gajere da ke mayar da 'yar sandar turi wurinta. Wannan bambanci zai dawo mana a gaba.

Masu cewa a bar tsohon suna farawa ne da tarihi. A wurinsu bindigar da ta fito daga rumbun soja shaida ce ta wani zamani, kuma duk abin da aka cire daga jikinta an rage wani abu daga shaidar. Darajar tsohuwar bindiga a kasuwar masu tarawa tana tafiya da yawan sassanta na asali. Wanda ya kankare ƙota ya shafa mata sabon fenti ya rage mata kuɗi, ko da ta fi kyan gani. Me zai sa sifirin ya fita daga wannan ƙa'ida? Masu cewa a sauya kuwa suna amsawa da tarihin shi kansa. Bayan yaƙi an kwashe mafi yawan Garand zuwa ma'aikatun gyara na soja, aka wargaza su, aka zuba sassa a wuri ɗaya, aka sake harhaɗawa ba tare da kula da wane sashi ne na wace ba. Haka Sobiyet ta yi wa SKS ɗinta kafin ta cusa su cikin giris ta adana. Sauran sassan Garand da yawa suna ɗauke da lambar zane da za a iya bin diddiginta. Sifirin ba shi da ita. Don haka wanda yake tsaron sifirin "na asali" yana iya zama yana tsaron na uku ko na huɗu ne da wani mai gyaran makamai ya zura a Girka ko Turkiyya ko Filifin, ƙasashen da Amurka ta ba wa wannan bindiga. Soja kansa bai taɓa ɗaukar sifirin a matsayin kayan gado ba. Abin sauyawa ne, kamar igiyar rataya.

Sai dai akwai inda hujjar tarihi ta tsaya da ƙafarta, ba mai kayar da ita. Garand na farko-farko, kafin a sauya tsarin kamun iska a 1940, suna da sifirin da ba a yi shi da waya mai zagaye ba. Wayarsa mai kusurwa ce, kuma akwai wani ƙaramin sifirin da ke rakiyarsa. Wannan ana gane shi da ido, ya yi ƙaranci ƙwarai, kuma masu tarawa suna biyan kuɗi mai kauri a kansa. Wanda ya sami irin wannan bindiga ya yar da sifirinta don ya sa na zamani, ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Amma irin waɗannan ba su da yawa, kuma masu su ba sa kai su filin harbi kowane mako.

Batu na biyu shi ne ƙarfen. Masu riƙe tsoho suna da gaskiya idan suka ce shekaru kaɗai ba sa kashe sifirin. Tun 1678 Robert Hooke ya bayyana cewa sifirin yana mayar da ƙarfi daidai da matsin da aka yi masa, kuma muddin ba a matsa shi ya wuce iyakarsa ba, yana komawa yadda yake. Sifirin da ya kwana shekara 60 cikin giris, ba a harba bindigar ba, ruwa bai taɓa shi ba, yana iya fitowa da ƙarfinsa kusan cif. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji su, kuma wayar da aka yi wa soja bisa ƙa'idar gwamnati, aka gwada ta kafin a karɓa, ba ta ƙasa da abin da ake sayarwa yau ba. Masu sauyawa ba sa musun wannan. Tambayarsu ita ce: wa ya san yadda wannan sifirin ya kwana? Abin da ke cin sifirin shi ne matsewa da miƙewa sau dubbai, da guga, da tsatsa. A Garand yana gogar cikin sandar turi, har a ga gefen wayar ya yi sulɓi ya baje a wasu wurare, kuma inda waya ta sirance nan take karyewa. Ɗan ramin tsatsa da bai fi kan allura ba ya isa ya zama mafarin tsagewa. A 2018 hukumar CMP, wadda Majalisar Amurka ta ɗora wa koyar da farar hula harbi da sayar musu da tsoffin bindigogin soja, ta karɓi Garand kimanin 86,000 da aka dawo da su daga Filifin. Bindigar da ta yi shekaru a ƙasa mai zafi da laima irin wannan, ba wanda zai iya rantsewa a kan harbi nawa ta yi ko damina nawa ta sha.

A nan ɓangarorin biyu suka fi kusa da juna fiye da yadda suke zato, domin duka sun yarda da awo. Ana zare sifirin a shimfiɗa shi a kan teburi, a auna tsawonsa, a mirgina shi a ga ko ya karkace, a bi shi da ido ana neman tsatsa da wurin da ya baje. A Garand, masu gyara da yawa suna ajiye duk wanda ya gajarta ƙasa da inci 19. Inda suka rabu shi ne abin da awo ke nufi. Mai riƙe tsoho yana cewa tun da ya cika tsawo, ba karkata, ba tsatsa, to lafiyarsa ƙalau. Mai sauyawa yana cewa tsawo ba ƙarfi ba ne: akwai masu jan gajeren sifirin da hannu har ya kai awo, alhali jan ya ƙara lalata shi ne, kuma gajiyar da ke cikin ƙarfe ba ta bayyana a kan ma'auni sai ranar da ya karye.

Batu na uku shi ne wanda, a ganina, ya fi nauyi, wato abin da ake asara idan lissafi ya kuskure. Idan sifirin ya yi laushi, sakata tana isa ƙarshen hanyarta da gudun da ya wuce kima, ta daki ƙeyar gidan sakata. Wannan ƙeya a Garand daɗaɗɗen wurin rauni ne. Tun lokacin yaƙi an ga tana tsagewa a bindigogin da ake harba gurneti da su, har aka riƙa tsoma ƙeyar wasu cikin narkakkiyar dalma don a rage mata gautsi. Shi ya sa ake ganin wasu da ƙeya mai duhu fiye da sauran jiki. Kuma a kan wannan ƙeyar ce aka buga sunan kamfanin da ya ƙera bindigar da lambarta. A dokar Amurka gidan sakata shi ne bindigar; bututu, ƙota, sakata, duk sassa ne da ake saye a sauya. To ga yadda ma'auni ya tsaya: a hannu ɗaya waya ta 'yan daloli wadda ba ta da suna, a ɗaya hannun ƙarfen da ke ɗauke da suna da lamba, wanda aka daina yi wa sojan Amurka irinsa tun 1957. Mai son tarihi da ya bar gajiyayyen sifirin yana dukan ƙeya, yana sayar da babban tarihi ne don ya tsare ƙarami. Amsar masu riƙe tsoho a nan gajera ce, kuma ba ta rasa gaskiya ba: bindigar da ba a harbawa ba ta dukan komai. Idan a jikin bango za ta zauna ko cikin akwatin gilashi, wannan hujja ba ta shafe ta ba.

Da an tsaya a nan, da sai a ce sabo ya yi nasara. Amma sabo ma yana da nasa laifin, kuma masu sauyawa ba su cika son a tabo shi ba. Kasuwa cike take da sifirin iri-iri: na wayar ƙarfe irin ta da, na ƙarfen da ba ya tsatsa, na wanda aka gauraya da wasu sinadarai don ya daɗe. Wasu an yi su daidai da zanen soja, wasu an yi su ne da ka. Akwai kuma waɗanda ake tallatawa da cewa sun fi na asali ƙarfi, kuma sabon mai bindiga yakan ɗauka ƙarin ƙarfi ƙarin tsaro ne. Lissafin bai tafi haka ba. An daidaita girman kafar iska da nauyin sakata da ƙarfin sifirin ne tare. Sifirin da ya fi ƙarfi yana iya hana sakata kaiwa ƙarshe, sai kwanso ya maƙale ko ta dawo ba ta ɗauki harsashi ba. Idan kuma ta kai, sai ta dawo gaba da dukan da ya fi wanda aka tsara mata. An rage duka a baya an ƙara a gaba. A Garand, tun da sifirin ɗaya ke ɗago harsasai, sauya ƙarfinsa yana taɓa lokacin da kowane harsashi ke isowa gaban sakata. Wanda ya yi tsawo da yawa kuma yana iya cunkushewa cikin sanda. Saboda haka mai riƙe tsoho yana da damar tambaya: kai da ka cire abin da ka sani yana aiki, me ka sani game da wanda ka sa?

Akwai masu neman tsakiya, su sayi tsohon sifirin na soja da ba a taɓa amfani da shi ba, wanda ya fito daga rumbu a naɗe cikin takardar mai. Idan da gaske haka yake, ya haɗa kyan ɓangarorin biyu. Matsalar ita ce abin da ba shi da lamba kowa na iya kiransa abin da ya ga dama, kuma irin wannan kaya kullum raguwa yake.

Kuskuren da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kansa shi ne ɗora wa sifirin laifin da ba nasa ba, ko wanke shi daga wanda yake nasa. Da yake yana da arha kuma yana da sauƙin zarewa, shi ake fara zargi duk lokacin da bindiga ta cije. Tarihin Garand yana da darasi a kan haka: na farko-farkon da aka ƙera sun riƙa cijewa a harsashi na bakwai, da aka bincika sai aka tarar an shaftare wani ɗan tudu ne a cikin gidan sakata wajen ƙira. A yau ma, Garand da ba ta kai sakata ƙarshe sau da yawa iska ce ke zurarewa saboda bututun iskar ya buɗe da tsufa, ko kuma an shafa mata mai maimakon giris ɗin da take buƙata. Sannan ga harsashi. An tsara ta ne a kan harsashin soja. Wasu harsasan farauta na yau, masu kai mai nauyi da albarushi mai ci a hankali, suna aika iska mai yawa zuwa kafar, su lanƙwasa sandar turi. Wanda ya sa sifirin mai ƙarfi don ya ci gaba da harba irin wannan harsashi bai warkar da komai ba.

A SKS ma'aunin ya ɗan karkata zuwa wajen masu riƙe tsoho. Harsashinta, 7.62x39, bai kai na Garand ƙarfi ba, sifirin ɗin sakata kaɗai yake yi wa aiki, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka shiga kasuwa, na Rasha da na Sin da na Yugoslabiya, daga ajiya suka fito, ba daga fagen fama ba. Na Sin sun kwarara Amurka har zuwa 1994 da aka hana shigo da su, a Kanada kuma SKS ta zama ɗaya daga cikin bindigogin da aka fi mallaka. Abin da ya fi damun masu ita sau da yawa ba gajiyar sifirin ba ce. Irin ta Yugoslabiya ta kamfanin Zastava, M59/66, tana da makunnin rufe iska don harba gurneti, kuma idan tsatsa ta ci shi sai iska ta riƙa zurarewa, sakata ta kasa kaiwa. Sabon sifirin ba zai ƙara mata komai ba sai wahala. Wasu kuma wajen mayarwa suke juya sifirin, su sa gaba a baya. Mafi haɗari shi ne allurar da ke dukan harsashi. A mafi yawan SKS ba ta da sifirin da ke riƙe ta baya, yawo take a cikin sakata. Idan busasshen giris na ajiya ya daskare ta a gaba, bindiga tana iya tashi da kanta da zarar sakata ta rufe, har ta ci gaba da tashi ba a taɓa kunama ba. Shi ya sa masu SKS ke wanke sakata su girgiza ta a kusa da kunne, su ji allurar tana kaɗawa kafin su yarda da ita. Sifirin mai ƙarfi da ke rufe sakata da zafi ba taimako ba ne a irin wannan hali.

Duk wannan gardama ce ta ƙasashen da doka ta ba farar hula damar mallakar irin waɗannan makamai. A Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar soja cikin abubuwan da aka haramta wa jama'a. Amma zanen John Garand ya taɓa sauka a Kaduna. Kamfanin Beretta na Italiya ya gyara Garand ya fitar da BM59 mai gidan harsashi da ake cirewa, kuma tana cikin bindigogin da ma'aikatar makamai ta DICON, wadda aka kafa a 1964, ta fara haɗawa.

Da aka jera hujjojin, ni ina ganin rigimar ta fi zafi ne saboda ana maganar bindigogi biyu kamar ɗaya. Akwai wadda aka saya don a adana, akwai wadda aka saya don a harba. Ta farko, musamman idan ta farkon ƙira ce mai sifirin da ake ganewa, a goge ta, a shafa mata abin hana tsatsa, a bar mata kayanta. Ta biyu, irin wadda ake zuwa da ita gasar Garand da CMP ke shiryawa a Camp Perry a jihar Ohio, masu sauyawa sun fi gaskiya a kanta, da sharaɗi ɗaya da masu riƙe tsoho suka koya musu: sabon ya zama mai ƙarfi da tsawo daidai da na soja, daga maƙerin da aka sani, ba wanda aka ƙara wa ƙarfi ba. A SKS sai a fara da wanke giris da duba hanyar iska da allura, sifirin ya biyo baya idan awo ya nuna ya gaji. Tsohon da aka zare kuma ba a jefar da shi. A shafa masa mai, a naɗe shi a takarda, a rubuta lambar bindigar a jiki, domin duk wanda zai saye ta nan gaba zai tambaya.